Baƙon Tsiro A Gona: Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Da zarar ruwa ya zauna a ƙasar Galadi, watau daga ƙarshen watan Yuni zuwa cikin Yuli, ba abin da manomi ya shuka kaɗai ke fitowa ba. Haki iri iri yakan taso tare da hatsi, a cikinsa kuwa akan sami wanda mai gona bai taɓa gani ba, ko wanda ya yi kama da abin da ya sani amma in an duba da kyau ba shi ba ne. Daga nan sai tambaya ta taso: Mene ne wannan? Ana cinsa? Dabba za ta iya ci? Zai ɓata gona?

Amsar waɗannan tambayoyi duka tana rataye ga abu guda, watau a san sunan tsiron na gaskiya. Kafin a kai ga sani kuwa, akwai abu 3 da ya kamata kowane mai gona ya riƙe: kada a ci, kada a ba dabba, kada kuma a bari ya zubar da iri.

Wannan magana ta ƙara nauyi a shekarun nan. Rashin zaman lafiya a ƙasashen Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, har waɗansu gonakin sun koma saura, haki ya yi yadda ya ga dama a cikinsu. Waɗansu iyalai kuma sun bar ƙauyukansu sun koma inda ba su san dajinsa ba, ga shi lokacin da rumbu ya yi ƙasa mata da yara ne ke fita neman ganyen kwaɗo da na miya. Yaron da aka aika ya tsinko ganye a baƙon wuri yana iya kawo wa gida abin da ba a so.

Ta Ina Baƙon Tsiro Ke Shigowa?

Tsiro ba shi da ƙafa, amma irinsa ya fi fatake yawo. Hanya ta farko ita ce irin shuka. Wanda ya auni gero ko riɗi ko shinkafa a kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya je ya shuka ba tare da ya tsince ba, ya shuka duk abin da ke cikin gonar mai sayarwa. Ta biyu ita ce dabbobi. Shanun da ke bin burtali tsakanin ƙasar Nijar da dazuzzukan kudu suna ɗauke da iri a jikinsu da cikin kashinsu, shi ya sa sau da yawa baƙon haki yakan fara bayyana a makwancin shanu ko inda aka zuba taki. Ta uku ita ce ruwa. Gulbin Gagare da ya bi ta Ƙauran Namoda da gulbin Bunsuru da ya bi ta ƙasar Zurmi, in sun cika sun malala, sukan bar wa fadama irin da suka kwaso daga nesa. Ta huɗu kuwa ita ce hanyar ciniki. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929 aka yi ta shigowa da buhuna da kaya daga nesa, yau kuma manyan motoci ne ke wannan aiki.

Kashin yawo misali ne da kowa ya sani. Asalinsa ƙasashen Amurka masu zafi ne, amma ɗansa yana da ƙaya 2 kamar ƙaho, yana maƙalewa a gashin tumaki da bakin wando, har ya game ƙasar Hausa. Wanda ya sa masa wannan suna ya lura da halinsa sosai.

Tafasa Da Rai-Ɗore

Ga misalin da zai nuna amfanin duba da kyau. Tafasa abinci ce, kowane gida a ƙasar nan ya san kwaɗonta. Rai-ɗore ɗan'uwanta ne na kusa, sukan fito wuri guda a bakin hanya da bayan gari, dukansu kuma furensu rawaya ne. Tsohuwa ba ta haɗa su, amma yaro yana iya haɗawa.

Bambancin yana ga ganye. A kowane tsinken ganyen tafasa akwai ƙananan ganye 6, watau 3 a kowane gefe, bakinsu kuma a zagaye yake, ya fi gindinsu faɗi. Na rai-ɗore yawanci 8 ne zuwa 12, bakinsu da tsini, in an murza kuma warinsa ya fi na tafasa ƙarfi. Kwanson tafasa siriri ne dogo, a lanƙwashe kamar lauje. Na rai-ɗore kuwa a shimfiɗe yake, ya fi faɗi. 'Ya'yan tafasa suna da sheƙi, kamar an yanke bakinsu a karkace, na rai-ɗore kuwa falle-falle ne, ba sheƙi.

Masu magani suna aiki da ganyen rai-ɗore da saiwarsa, wannan wata magana ce dabam. Abin tsoro shi ne ɗanyun 'ya'yansa. A ƙasar Indiya, a yammacin Jihar Uttar Pradesh, musamman wajen garin Saharanpur, an yi shekaru kowace kaka 'ya'yan talakawa ƙanana suna kamuwa da amai da suma, da yawa su mutu cikin kwana 2 ko 3. An daɗe ana zaton annoba ce. Sai a 2007 likitocin yara na can suka bayyana cewa ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore ne yaran ke ci wajen wasa, dafin yana lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Da aka shiga tuge shi ana faɗakar da iyaye, sai mace-macen suka ragu ƙwarai. Haka nan 'ya'yan suna yi wa shanu da kaji lahani in sun shiga abincinsu da yawa.

'Yan kasuwa ma suna da rabo a wannan magana. 'Ya'yan tafasa yanzu haja ce, ana saye a arewa a fitar da su ƙasashen waje, inda ake sarrafa su a sami garin da ke sa abinci kauri. Dokar ƙasashen Turai ta ce kada rai-ɗore da ke cikin irin da za a sarrafa ya kai kashi 0.05 cikin 100, watau bai kai giram 50 ba a buhu mai kilo 100. Ɗan kasuwar da bai iya rarrabe su ba yana iya tara kaya a ƙi saye, ko a karya masa kuɗi.

Yadda Ake Duban Tsiro

Masana tsire-tsire ba wani asiri gare su ba. Abin da suka fi sauran mutane shi ne suna duba bi da bi, daga ƙasa zuwa sama, ba su tsallake kome. Manomi ma zai iya yin haka.

Na farko, a lura da wurin da ya fito. Jigawa ce ko laka? Tudu ne ko fadama? Gindin suri ne, ko inuwar itace, ko inda aka zuba taki? Shi kaɗai ne ko suna da yawa?

Na biyu, a haƙo shi da saiwarsa, kada a fizge. Saiwa guda mai nutsewa kamar ta auduga dabam take da mai yawa kamar gashi irin ta gero. In yana da 'ya'ya a ƙasa kamar aya-aya, ko yana yaɗo a ƙarƙashin ƙasa kamar tofa da kiri-kiri, to, noma kaɗai ba zai kashe shi ba, don kowane guntu da fartanya ta yanke zai sake tohowa. In kuwa an ga saiwarsa a manne da ta hatsi ko ta wake, to, ɓarawo ne, abincin amfanin gona yake sha.

Na uku, kara. A murza shi tsakanin yatsu. Mai zagaye da gaɓa-gaɓa dangin gero ne. Mai kusurwa 3 dangin aya ne. Mai kusurwa 4 da ƙamshi yawanci dangin ɗoɗɗoya ne. A karya a ga ko zai fid da ruwa fari kamar nono, amma a kiyaye kada ya shiga ido.

Na huɗu, ganye. A ɗaga shi wajen haske a dubi jijiyoyinsa. In sun miƙe jere da juna kamar na dawa, rukuni ɗaya ke nan. In sun rarrabu kamar raga irin na kuɓewa, wani rukuni ne. Tun daga tsirowa ma ana iya gane wannan, gama gero da dawa da masara da tsinke guda suke fitowa, wake da auduga da kuɓewa kuwa da kunne 2. Wannan bambanci yana da amfani ga mai sayen maganin feshi. Maganin da ake kira 2,4-D yana kashe masu faɗin ganye ya bar dangin hatsi. Saboda haka ba zai taɓa ƙarangiya da harƙiya da guɗe-guɗe ba, amma zai ƙone wake da gyaɗa da aka shuka tsakanin gero, auduga kuwa ko iska ce ta kai mata shi sai ta lalace. Wanda bai san rukunin hakin da ke gonarsa ba yana iya yin hasara biyu, ta kuɗin magani da ta amfani.

Na biyar, fure da 'ya'ya, su ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Ganye yakan sake kama bisa ga ƙarfin ƙasa da yawan ruwa, amma fure ba ya sakewa. Da shi ake gane dangi. Wanda ya dubi furen auduga da na kuɓewa da na rama da na yakuwa zai ga gida ɗaya suka fito. Tumatir da barkono da gauta da taba da zaƙami gida ɗaya ne. Kabewa da duma da kankana da guna gida ɗaya ne. Wake da gyaɗa da baba da waken suya gida ɗaya ne. Sanin dangi yana taimako, domin sau da yawa ƙwari da cututtuka dangi suke bi, hakin da ke bakin gona yana iya zama masaukin abin da zai ci amfanin da ke ciki.

Wuta-Wuta Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Ba manomin da bai san wuta-wuta ba, wadda waɗansu ke kira ƙuduji, waɗansu gaugai, waɗansu makasar dawa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne iri iri ce. Wadda ke cin dawa da gero da masara doguwa ce, takan kai gwiwa ko ta wuce, ganyenta da kaushi, furenta ja-ja mai kyan gani. Wadda ke cin wake gajera ce, rassa da yawa a cunkushe, ganyenta ƙanana kamar ɓawo, furenta ƙarami mai ɗan shuɗi-shuɗi. Akwai kuma wata 'yar'uwarsu mai fure rawaya, ita ma wake take ci.

Ta hatsi ba ta kama wake, ta wake kuma ba ta kama hatsi. Sanin wadda ke gonar mutum shi zai nuna masa abin da zai shuka baɗi. Irin wuta-wuta ba ya tsirowa sai ya ji ruwan da saiwar wani tsiro ke fitarwa. A 1966 masana suka ware wannan sinadari daga saiwar auduga. Auduga da waken suya da gyaɗa suna ta da irin wuta-wutar hatsi, amma ba ya samun mamanni a jikinsu, sai ya mutu. Dalilin da ya sa ake cewa a riƙa juya gona ke nan. Ga mai fama da ta wake kuma, akwai irin da ake kira SAMPEA 10, wanda aka fitar a 2008, mai jure mata.

Wuta-wuta takan yi wata guda ko fiye a ƙarƙashin ƙasa tana shan hatsi kafin a gan ta, tsiro guda kuma yana iya zubar da iri 50,000 ko fiye, ƙanana kamar ƙura, su yi shekara 10 ko fiye a ƙasa da ransu. Saboda haka tuge ta kafin fure ya zama 'ya'ya, a tara a ƙone, aiki ne na gyaran gona don shekaru masu zuwa.

Wannan haki da kowane yaro a Galadi zai nuna da yatsa ya taɓa zama baƙon tsiro a wata ƙasa. A Amurka, a jihohi 2 da ake kira Karolina, manoma sun ga masararsu tana yaushi ba su san dalili ba, sai a 1956 aka tabbatar wata irin wuta-wuta ce mai jan fure. Da aka bincika sai aka iske ta shiga ƙasa fiye da eka 400,000, aka yi shekaru da yawa ana kashe kuɗi kafin a ci ƙarfinta. Da an gane ta tun tana gona guda, da aikin bai kai haka ba.

Suna Yakan Ruɗi Mutum

Wanda ya ga baƙon tsiro, ya fara tambayar na kusa da shi. Tsofaffin mata masu tsinkar ganye, da makiyaya, da maharba, da masu magani, su ne manyan masana a kowane gari. Ya kamata a tambayi mutum 3 dabam dabam, kowa shi kaɗai, a ga ko bakinsu zai zo ɗaya.

Amma a sani sunan Hausa yakan sake daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da Bakano ke kira kuɓewa, Bazamfare yakan ce guro. Yakuwa a nan sure ce, dankali kuwa kudaku. Wanda ya fi ruɗi shi ne gujiya. A ƙasar Sakkwato da Zamfara gujiya ita ce gyaɗa, a Kano kuwa gujiya ita ce abin da ake kira ƙwaruru a nan. Ɗan kasuwar da ya yi ciniki ta waya bai tantance ba yana iya aika buhun da ba shi aka nema ba.

Har wa yau, suna yakan haɗa waɗanda ba dangi ba. Duman rafi ba duma ba ne, ɗan'uwan dankali ne. Bagaruwar Makka zogale ne, ba ruwansa da bagaruwa. Gwandar daji ba 'yar'uwar gwandar gida ba ce. Gautan kura kuwa dangin gauta ne na gaske, amma ba a cinsa.

Don maganin wannan ruɗani aka yi sunayen masana. Wani masani na ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya kafa ƙa'idar a 1753, cewa kowane tsiro yana da suna na kalma 2 da harshen Latin, ta fari ta gidansu, ta biyu tasa ta kansa, kuma sunan ɗaya ne a duniya duka. Tafasa ita ce Senna obtusifolia, rai-ɗore Senna occidentalis. Wuta-wutar hatsi Striga hermonthica, ta wake Striga gesnerioides. Haɗa sunayen Hausa da waɗannan an fara shi da daɗewa. Dokta J. M. Dalziel, likitan da ya fara aiki a Nijeriya ta Arewa a 1905, ya tara tsire-tsire a wurare da yawa har da Lardin Sakkwato, ya buga ƙamus na sunayensu da Hausa a 1916, sa'an nan a 1937 ya buga babban littafi a kan amfanin tsire-tsiren Afirka ta Yamma. Sunayen da ke ciki daga bakin mutanen ƙasa aka ji su. Watau ilmin na gida ne, littafi ya adana shi ne kawai.

Tambayoyin Da Aka Fi Yi

Duk tsiro mai farin ruwa dafi ne? A'a. Tumfafiya da tinya da aguwa suna da shi, suna kuwa da lahani, musamman ga ido. Amma gwanda da ɓaure da kaɗanya da dankali su ma suna da shi. Farin ruwa alama ce ta a yi hattara har a san sunan abin.

Ɗaci ne ke nuna dafi? Ba koyaushe ba. Shuwaka da gauta suna da ɗaci, ana kuwa cinsu. 'Ya'yan cini-da-zugu da ake shinge da shi ba su da ɗaci, yara sukan ci kamar gyaɗa, su kamu da amai da zawo mai tsanani. Ba a gwada tsiro da harshe.

Abin da dabba ta ci, mutum zai iya ci? Ba tabbas. Cikin akuya da na tsuntsu ba ɗaya ba ne da na mutum. Dabbar ma yunwa takan sa ta ci abin da zai cuce ta. Duman rafi yakan zauna kore da rani bayan ciyawa ta bushe, tumaki da awaki in sun ci da yawa sai su kama rawar jiki da tangaɗi. Tururubi mai fure rawaya, wanda ke tohowa bayan an ƙone daji tun ciyawa ba ta fito ba, yana kashe shanu. Ko dawa da aka sani, gyauronta da ƙaramar da fari ya kama suna da dafin da ke kashe dabba nan da nan.

Gero ne ke rikiɗa ya zama shibra? Ba rikiɗa ba ce, aure ne. Gero yana da ɗan'uwa na daji, iska kuma takan ɗauki bununin wannan ta kai wa wancan. Abin da aka haifa shi ne shibra, wadda ke kama da gero har sai ta fid da kai siriri, ta nuna da wuri, ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa. Mai son iri mai kyau ya cire ta kafin ta yi bununi, ya zaɓi zangarniyar iri daga tsakiyar gona.

Itatuwa suna da mace da namiji? Waɗansu suna da su. Dabino da giginya da goruba haka suke, gwanda ma sau da yawa, namijin yana fure amma ba ya 'ya'ya, in kuma an sare maza duka matan ba za su yi kirki ba. Amma namijin goro da namijin kaɗe itatuwa ne dabam, suna ne kawai.

Duk baƙon tsiro abokin gaba ne? Ko kaɗan. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga Amurka suka zo, mangwaro daga Indiya. Dogon yaro da ke inuwantar da kowane gari, a 1928 aka shigo da shi Lardin Barno. Wani baƙon alheri ne, wani masifa, sai an san shi ake sanin wanne ne.

Yadda Za A Aika Da Tsiro A Bincika

In mutanen gari sun kasa, ko bakinsu ya rabu, sai a kai wa malamin gona a ofishin gona na ƙaramar hukuma. Ganye guda da ya yi yaushi a aljihu ba ya isa. A haƙo tsiro 2 ko 3 da saiwa da fure da 'ya'ya. In itace ne, a yanko reshe mai tsawon taki guda da rabi. A shimfiɗa kowanne tsakanin tsofaffin jaridu, a ɗora katako da dutse bisa, a riƙa sake takardun kullum har ya bushe, abin da yakan ɗauki kamar mako guda. Kada a ƙulle shi a leda, ruɓewa zai yi. 'Ya'yan a naɗe su a takarda dabam don kada su zube a hanya.

A nan ne akawu ko ɗan makaranta zai taimaka. A rubuta sunan gari, da ranar da aka ciro, da irin ƙasar, da tsawon tsiron, da launin furensa tun yana ɗanye, don in ya bushe launin yakan gushe. A rubuta warinsa, da ko yana da farin ruwa, da sunan da ake kiransa da Hausa ko Fulatanci, da ɓarnar da aka ga ya yi.

Abin da malamin gona bai gane ba, akwai inda ake kai wa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da ɗakunan ajiyar busassun tsire-tsire masu suna a jiki, inda ake gwada sabo da tsoho. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka fara a 1922, tana da masanan haki. Ɗakin ajiya mafi girma a Nijeriya yana Ibadan, an kafa shi a 1942, yana da tsire-tsire fiye da 100,000.

Mai wayar hannu ya ɗauki hoto 4: tsiron duka a inda yake, ganye sama da ƙasa, fure daga kusa, da 'ya'ya, ya ajiye biro a gefe don a gane girmansa. Akwai manhajojin da ke faɗin sunan tsiro daga hoto, suna kuwa taimakawa, amma sun fi sanin tsire-tsiren Turai da Amurka, sukan yi kuskure a kan na ƙasar nan. Kada kowa ya ci wani abu don waya ta ce ana ci.

In kuwa an makara, yaro ya riga ya ci abin da ba a sani ba, kada a tsaya jiran alama, kada kuma a tilasta masa amai. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da ragowar abin da ya ci, domin ganinsa zai rage wa likita lalube. Haka za a yi da dabba wajen malamin dabbobi.

Watan Agusta da Satumba ne yawancin haki ke fure, su ne kuma lokacin da ya fi sauƙin gane shi, tun iri bai zuba ba. Manomi ya ɗauki safiya guda ya zaga iyakar gonarsa da makwancin dabbobinsa da bakin rafi, ya tafi da yaransa ya nuna musu tafasa da rai-ɗore gefe da gefe. Abin da ya gani bai sani ba, ya haƙo ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.